Baƙon Malami Da Mai Masaukinsa: Daga Fadar Rumfa Zuwa Jami'ar Bayero

A cikin kasafin kuɗin manyan jami'o'in duniya akwai wani ɗan gurbi wanda ba a cika kula da shi ba, watau kuɗin da akan ware don gayyato wani shahararren malami daga wata ƙasa, ya zo ya yi mako biyu ko wata uku, ya ba da lacca, ya duba aikin ɗalibai, sa'an nan ya koma gida. Da wannan kuɗi ne ake biyan jirgi da masauki da abinci, da ɗan abin goro na sallama. Idan kuwa aka shiga matsi, shi ne gurbin da akan fara sokewa, gama ba wanda zai tafi yajin aiki don an fasa kiran baƙo. Mutane da yawa sun ɗauka Turawa ne suka kawo wannan al'ada tare da makarantun zamani. Amma tarihin Kano ya nuna cewa sarakuna da attajirai sun fi shekara 500 suna ɗaukar nauyin baƙin malamai, kuma tambayoyin da suka dami magabata su ne har yanzu suke damun shugabannin jami'o'i: wa zai biya, wa zai zaɓi baƙon, kuma me zai rage bayan ya tafi?

Zuwan Wangarawa da Fulani

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda bisa lissafin da aka saba bi ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali, su wajen arba'in, shugabansu kuwa Abdurrahman Zaiti. Sarki ya karɓe su, ya raba musu ayyuka: wannan liman, wancan ladan, wani mai yanka, shi Zaiti kuma alƙali. Akwai wani littafin dabam, na ƙarni na 17, mai suna Asalin Wangarawa, wanda ya kawo zuwansu a zamanin Muhammadu Rumfa, watau bayan shekara ɗari. Ko wanne aka bi, hanyar biyan baƙo a fili take. A lokacin nan babu albashi. Abin da sarki yake da shi shi ne muƙami da gida da gona da kariya. Malamin da aka ba waɗannan kuwa ya daina zama baƙo, ya zama ɗan gari. Unguwar Madabo, wadda ta shahara da karatun fiƙihu, daga zuriyar waɗannan baƙi take lissafa asalinta.

A zamanin Sarki Yakubu, daga 1452 zuwa 1463, littafin ya ambaci wani ayari na Fulani, su ma daga Mali, waɗanda suka zo da littattafan tauhidi da na lugga. Kafin su, abin da malaman ƙasar Hausa suke da shi bayan Alƙur'ani shi ne fiƙihu da hadisi. Amma waɗannan baƙi ba su zauna ba, sai suka wuce Barno, suka bar mutane kaɗan a baya. Nan ne aka fara ganin bambancin baƙon da aka riƙe da wanda ya wuce. Barno ta fi ƙasar Hausa tsari wajen riƙe malamai, domin sarakunanta sukan ba malami takarda da ake kira mahram, wadda take 'yantar da shi da zuriyarsa daga haraji da aikin yaƙi. Tun a ƙarni na 13 ma mutanen Kanem suka kashe dukiya aka gina musu makaranta da masauki a birnin Alƙahira, saboda alhazansu da ɗalibansu.

Magili a fadar Rumfa

Baƙon da ya fi kowane suna a tarihin Kano shi ne Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau. Ya zauna a Tuwat cikin hamada, daga can ya bi ta Azbin da Takedda, ya iso Kano wajen shekara ta 1492, a zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Rumfa sarki ne mai wadata. Shi ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa. Dukiyar fatauci ita ce ta ba shi halin saukar da baƙo irin wannan, shi da iyalinsa da littattafansa.

Zaman Magili a Kano bai yi tsawo ba. Ya leƙa Katsina, kana ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu wanda ya hau mulkin Songai a 1493, daga bisani ya koma Tuwat inda ya rasu wajen 1504. To, amma abin da ya bari ya fi ƙarfin kwanakin da ya yi. Rumfa bai tsaya ga karrama baƙonsa kawai ba, sai da ya sa shi aiki. Magili ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna, mai suna Tajuddin, babi takwas, wanda ya bi ta kan niyyar mai mulki, da tsarin fada, da adalci wajen hukunci, da hanyoyin tara dukiya ta halal da yadda za a kashe ta. A cikinsa ya yi ta nanata gargaɗi kada sarki ya ɓuya daga talakawansa. Ya kuma rubuta masa wata gajeruwar wasiƙa a kan tsawatar da masu laifi. Ban da rubutu, ya bar magaji, watau Sidi Fari, wanda unguwar Sharifai take danganta kanta da shi, sarautarsa kuwa tana nan a fadar Kano.

Bayan shekara 300, shugabannin jihadi suka ɗauko rubuce-rubucen nan suka yi hujja da su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo wasiƙar Magili a cikin littafinsa Tanbihul Ikhwan, ya kuma dogara ga amsoshin da Magili ya ba Askiya. Ƙanensa Abdullahi ya yi amfani da Tajuddin a cikin Liya'us Sulɗan. A 1932 wani Bature, T. H. Baldwin, ya fassara littafin zuwa Turanci. Ashe ɗawainiyar da sarkin Haɓe ya yi wa baƙonsa ita ce ta samar da makamin da aka tuhumi jikokinsa da shi. Wannan kuwa yana cikin halin ilmi: wanda ya biya kuɗinsa ba shi da ikon cewa ga inda zai tsaya.

Akwai kuma wani gefen labarin wanda bai kamata a ɓoye ba. Kafin Magili ya taho ƙasar Hausa, shi ne ya tayar da husuma a kan Yahudawan Tuwat, har aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit, aka kuma kashe mutane, alhali alƙalin wurin, Abdullahi Al'asnuni, bai yarda da fatawarsa ba, malaman Magrib kuma suka rabu biyu a kan batun. Baƙo ba littattafai kaɗai yake ɗaukowa ba, yakan zo da rigingimun garinsu da zafin ra'ayinsa. Mai masauki shi ne zai tace abin da zai karɓa.

Hanyar hajji ta zama hanyar ilmi

Magili ba shi kaɗai ba ne. Ahmadu Baba na Tambutu ya rubuta cewa kakansa, Ahmadu ɗan Umar ɗan Muhammadu Aƙit, ya yi hajji a 1485, a kan hanyarsa ta dawowa kuma ya tsaya a Kano ya karantar, domin a lokacin Sonni Ali ya matsa wa malaman Tambutu. Makhlufu Albalbali ya karantar a Kano da Katsina kafin ya koma Magrib. Aida Ahmad Attazakhti, wanda ya yi karatu wurin Magili a Takedda sa'an nan ya ƙaro a Masar, ya yada zango a Katsina, sarki ya riƙe shi ya naɗa shi alƙali, a can ya rasu wajen 1530. Wanda bai sami zuwa ba kuwa, sai ya aiko da takarda: Jalaluddin Suyuɗi na Alƙahira, wanda ya rasu a 1505, ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha.

A zamanin Muhammadu Kisoki, daga 1509 zuwa 1565, tarihin Kano ya fara lissafa baƙi tare da littattafan da kowannensu ya kawo, kamar yadda ake lissafa kayan fatake. Shehu Tunusi ya zo da Ashafa, Shehu Abdussalami ya zo da Mudawwana da Jami'us Sagir. Daga Barno kuma wasu 'yan'uwa uku suka zo. Sarki ya so ya naɗa ɗayansu, Shehu Karaski, alƙali, amma ya ƙi, ya ce a ba ɗan'uwansa Magumi. Amfanin wannan hidima bai daɗe ba ya bayyana, gama Sarki Abubakar Kado, wanda ya hau a 1565, da kansa ya zauna ya karanta Ashafa, ya kuma sa 'ya'yan sarki karatun Alƙur'ani.

Ba sarakuna kaɗai ne suke ɗaukar wannan nauyi ba. Attajirai masu saukar da fatake su ma sukan saukar da malamai, su ba su ɗaki da tuwo, su biya marubuta su kwafe littafin da baƙo ya zo da shi kafin ayari ya tashi. Zakka da sadaka da kyautar ɗalibai su ne suke cika sauran. Abin da ɗalibi yake nema wurin baƙo shi ne ijaza, watau izinin karantar da littafi tare da salsalar malaman da aka karɓo shi daga gare su. Ijaza ɗaya takan haɗa zauren wani malami a Kano da Alƙahira ko Madina.

Ƙasar Hausa ma ta aika da nata baƙin. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da hatimi, ya bar Katsina ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A gidan nan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa.

Ladan kuturu

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malaman da suka san haka, shi ya sa kyautar sarki ta zama abin muhawara a tsakaninsu. Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka ga malaman da ya kira miyagu, masu gyara wa sarakuna ɓarnarsu don abin duniya. Wajen shekara ta 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin babbar salla, ya raba musu dukiya. Shehu ya ƙi karɓar rabonsa, ya nemi abu biyar a maimakonsa: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Ƙin karɓar nan ya fi kowace kyauta ɗaukaka sunansa.

Da shugabannin jihadi suka kafa tasu daular, sai su ma suka zama masu masauki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya saukar da Alhaji Umaru Futi sa'ad da yake dawowa daga Makka, ya riƙe shi shekaru a Sakkwato, har ya aura masa 'yarsa. Bayan rasuwar Bello, Umaru ya koma yamma, ya yaɗa ɗariƙar Tijjaniyya, ya kuma kafa daula a ƙasashen da yau suke cikin Gini da Mali. Bayan shekara ɗari, a hajjin 1937, Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, ya gayyace shi Kano. Ziyarce-ziyarcen da suka biyo baya sun sauya fuskar addini a birnin, sun kuma buɗe hanya tsakanin Kano da Senegal wadda dubban ɗalibai suka bi.

Baitulmali ya maye gurbin taskar sarki

Zuwan Turawa ya sauya hanyar biya. Kuɗi suka koma baitulmali, kome sai da kasafi da sa hannun Razdan. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano don horar da alƙalai, En'o'in lardunan Arewa suna aiko da ɗalibai suna ɗaukar nauyinsu. Malaman farko uku daga Sudan aka ɗauko su: Shaihu Bashir Arrayyah, da Shaihu Muhammadu Suwar Addahab, da Shaihu Nur Attingari. Zaɓen Sudan ba banza ba ne. Ita ma a hannun Ingila take, malamanta kuma sun fito daga Kwalejin Gordon ta Hartum, alhali Turawan mulki suna ɗari-ɗari da Azhar, don gudun kada ra'ayin 'yan kishin ƙasar Masar ya shigo Arewa. Watau wanda yake riƙe da jakar kuɗi shi ne yake zaɓen ƙofar da ilmi zai shigo ta cikinta. Duk da haka baƙin sun yi aiki mai albarka. A 1947 makarantar ta zama Makarantar Nazarin Larabci, kuma daga cikinta ne manyan alƙalai da malaman Arewa suka fito, irin su Abubakar Mahmud Gumi da Halliru Binji da Aliyu Abubakar da Shehu Galadanci.

Gajeruwar ziyarar da ta fi kowace tasiri a ƙarni na 20 ita ce ta 1958. Mulkin kai ya ƙarato, ana ta gardama a kan makomar shari'ar Musulunci a kotunan Jihar Arewa, musamman hukuncin manyan laifuffuka, da matsayin waɗanda ba Musulmi ba. Gwamnatin Sardaunan Sakkwato ta gayyato masana uku daga waje: Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammadu Abu Rannat, wanda ya shugabanci kwamitin, da Mai Shari'a Muhammadu Sharif daga Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson daga Jami'ar Landan. Aka haɗa su da 'yan ƙasa uku: Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa alƙalin Bida. 'Yan makonni kawai suka yi suna aiki, amma daga shawararsu aka tsara kundin dokokin laifuffuka na Arewa, bisa samfurin na Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Dokar ta fara aiki a 1960, kwamitin kuma ya sake dawowa a 1962 ya duba yadda take gudana. Wasu sun yaba wa aikin, sun ce ya kwantar da hankalin jama'a a mawuyacin lokaci. Wasu kuwa sun ce an yi amfani da sunan baƙi ne don a rage wa shari'a ƙarfi, gardamar nan kuma ita ce ta sake tasowa a 1999 sa'ad da Jihar Zamfara ta ba da sanarwar komawa ga hukuncin shari'a.

Zamanin jami'o'i

Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, jami'o'in Ingila suka kafa wata majalisa ta haɗin gwiwa don taimakon sababbin kwalejojin ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Majalisar nan ce take nemo malamai, tana kuma biyan kuɗin tafiyar masu zuwa duba jarrabawa da masu gajeruwar ziyara, har zuwa 1981 da aka haɗe ta da British Council. Kwalejin Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, ta ci moriyar wannan tsari, haka kuma Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a Zariya a watan Oktoba na 1962, bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne. Amurkawa ma suka shigo da ƙarfinsu: Gidauniyar Ford da hukumar ba da agaji ta gwamnatin Amurka suka zuba kuɗi, Jami'ar Jihar Kansas ta aiko da malaman aikin gona da likitancin dabbobi, ta Pittsburgh kuma ta taimaka wa Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo. Ba don Allah kaɗai aka yi wannan ba, gama lokacin ana cikin yaƙin cacar baki, kowane ɓangare yana neman zukatan 'yan bokon Afirka.

A Kano kuwa, kwalejin da aka fara a 1960 a harabar Makarantar Nazarin Larabci ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, a ƙarƙashin jami'ar Zariya. A tsakiyar shekarun 1960 aka aro Farfesa Abdullahi Aɗɗayyib daga Hartum ya shugabance ta. Shekaru kaɗan ya yi ya koma gida, inda daga baya ya shugabanci Jami'ar Hartum, ya kuma sami lambar Sarki Faisal ta adabin Larabci a shekara ta 2000, amma harsashin karatun Larabci da ya aza a Kano ya daɗe bayansa. Wani ɗan Sudan ɗin, Muhammadu Alhaji, shi ne ya buga littafin Asalin Wangarawa a 1968, watau baƙo ya tono wa Kanawa labarin baƙinsu na farko. Paul Newman daga Amurka ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a farkon shekarun 1970, daga aikin cibiyar kuma aka sami sabon ƙamus na Hausa zuwa Turanci a 1977, shekarar da kwalejin ta zama Jami'ar Bayero. Murray Last, marubucin tarihin daular Sakkwato, ya riƙe kujerar farfesan tarihi a Kano daga 1978 zuwa 1980.

Shekarun 1970 su ne lokacin yalwa. Kuɗin man fetur ya sa a karo na farko jami'o'in Nijeriya suka iya gayyatar wanda suke so da kuɗinsu, ba sai sun jira wata gidauniya ta zaɓa musu ba. A watan Janairu na 1975 sassan tarihi na Zariya da Kano suka shirya babban taro a Sakkwato a kan tarihin daular Usmaniyya, masana suka hallara daga ciki da wajen ƙasa, Yusufu Bala Usman kuma ya tattara takardun ya buga a 1979. Daga 1981 Jami'ar Jos ta ƙulla yarjejeniya da Farfesa Ali Mazrui na Kenya, ya riƙa raba shekararsa tsakanin Jos da Jami'ar Michigan. A wajen 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi, saboda haka albashin Zariya ko Kano yana iya jawo malami daga Indiya ko Masar ko Poland ko Ingila.

Sa'ad da rijiya ta ƙafe

Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka karya darajar naira. Kafin shekarar ta ƙare dala ɗaya ta kai wajen naira 4, zuwa 1993 kuma ta kai 22 a farashin hukuma. Kuɗin da jiya zai kawo baƙo daga Landan ya mayar da shi, yau ba zai sayi tikitin zuwa kaɗai ba. Baƙin da suke nan suka tattara nasu ya nasu, 'yan ƙasa kuma suka bi su, likitoci zuwa Saudiyya da ƙasashen Larabawa, wasu zuwa Amurka da Turai da Afirka ta Kudu. Ban da talauci akwai tsoro. A 1988 jami'an tsaro suka ɗauke Patrick Wilmot, ɗan Jamaika wanda ya daɗe yana koyarwa a Zariya, suka sa shi a jirgi zuwa Landan saboda sukar da yake yi wa masu mulki. Kowane malami na waje ya fahimci saƙon.

Daga wannan hali ne ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a ƙarƙashin Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, ta matsa har aka yi yarjejeniyar 1992. A 1993 aka kafa asusun ilmi da harajin kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda a 2011 ya zama TETFund. Asusun ya gina azuzuwa, ya aika da malamai ƙaro ilmi da halartar taruka a waje. Daga shekara ta 2000 Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'i huɗu, Zariya da Bayero da Ibadan da Fatakwal, kuma da taimakonta aka kafa Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe a Kano a 2012.

Sabon abin da zamani ya kawo shi ne baƙon ya zama ɗan gida. A 2013 Gidauniyar Carnegie ta fara wani shiri, bisa binciken Farfesa Paul Zeleza na Malawi, na dawo da malaman Afirka mazauna Amurka da Kanada su yi aiki na kwana 14 zuwa 90 a jami'o'in ƙasashe shida, har da Nijeriya. Yadda aka raba nauyin abin lura ne: gidauniya ta biya jirgi da alawus, jami'ar da ta yi gayya ita za ta rubuta aikin da take so a yi mata, ta kuma taimaka da masauki da zirga-zirga. A cikin gida kuma, jami'o'in Nijeriya da suke 5 a 1962 sun haura 200 a farkon shekarun 2020, sababbin kuwa da malaman aro daga tsofaffin suka tashi. Shi ya sa da gwamnatin tarayya ta ce sai an biya kowa ta tsarin albashi na bai ɗaya, ɗaya daga cikin ƙorafin ASUU shi ne tsarin bai san da malamin ziyara ba. Batun yana cikin dalilan dogon yajin aikin 2020 da na 2022, sai a watan Disamba na 2023 gwamnati ta amince a fitar da jami'o'i daga cikinsa.

Abin da ya rage

Idan aka jera waɗannan baƙi, daga Zaiti zuwa Mazrui, za a ga yawan kuɗin da aka kashe ba shi ne ma'aunin amfani ba, tsawon zama ma haka. Ziyarar da ta bar tarihi ita ce wadda mai masauki ya san abin da yake nema tun kafin baƙo ya sauka. Rumfa yana da tambayoyi a kan mulki, ya sa aka rubuta masa amsa. Kisoki ya kula da littattafan da suke cikin kayan baƙi. Sardauna ya ɗora wa kwamitinsa matsala guda, ya kuma zaunar da 'yan ƙasa tare da su. A kowane hali an bar rubutu, an kuma bar mutumin da zai ci gaba. Inda aka rasa waɗannan biyu, sai a yi taro, a ci abinci, a ɗauki hoto, a raka baƙo filin jirgi.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Gaskiya ne, ba ya daɗewa, amma a ƙasar da damina take gajeruwa manomi ya san darajar raɓa, muddin akwai shuka a gonar. Kano ta sami rabonta daga Mali da Tuwat da Barno da Hartum domin tana da zaurukan karatu da ɗalibai masu jiran littafi, tana kuma da dukiyarta ta kanta wadda za ta ciyar da wanda ta ga dama. Ranar da dukiyar nan ta ƙare a shekarun 1980, zaɓen baƙo ya koma hannun masu ba da agaji, kuma dawo da shi hannun jami'o'i shi ne aikin da ya rage wa magadan Rumfa.